Percy Jackson ko Yaron Mai Korar Mayu: Wanne Ya Dace da Ɗan Shekara 11?

Ana saura mako biyu a ba da dogon hutu ƙanwata ta kira ni a waya. "Yaya, yaron nan zai kashe min ido da kallon waya. Malaminsu ya ce a nemo masa littafin Turanci mai labarin dodanni, wai shi ne zai zaunar da shi. An ba ni sunaye biyu, ni kuwa ban san ko ɗaya ba." Sunayen da aka ba ta su ne The Lightning Thief na Rick Riordan, wato littafin farko a jerin Percy Jackson, da The Spook's Apprentice na Joseph Delaney. Duka biyun na karanta su, na kuma ga yara suna karanta su, don haka na ce ta ba ni kwana biyu. Amsar da na shirya mata ce ta yi tsawo har ta zama wannan rubutu.

A ido kamar abu ɗaya ne. Yaro ɗan shekara 12 ko 13, wanda ba a ɗauke shi a bakin komai ba, ya wayi gari ya gano yana ganin abin da sauran mutane ba sa gani, wani dattijo ya ɗauke shi ya koya masa yaƙi da halittun duhu. Har fitowarsu ma kusa da kusa ce: na Delaney a Ingila a 2004, na Riordan a Amurka a 2005, kuma dukkan marubutan tsofaffin malaman makaranta ne. Amma wanda ya karanta shafi hamsin na kowanne zai ga ba hanya ɗaya suka bi ba, kuma ba yaro ɗaya suke nema ba.

Percy gudu ne. Tun babin farko, a wata ziyarar da makarantarsu ta kai gidan adana kayan tarihi a New York, malamar lissafinsa ta rikiɗe ta fito da fukafukai da farata ta yi kansa, malamin Latin kuma ya jefa masa alƙalami, alƙalamin ya zama takobi. Daga nan ba a sake numfasawa ba. Ya gano ubansa Poseidon ne, wanda tsofaffin Girkawa suka ɗauka ubangijin teku. An zarge shi da satar makamin tsawa na Zeus, shugaban allolin Girkawa. An ba shi kwana goma ya ratsa Amurka daga gabas zuwa Los Angeles ya nemo shi. Tun kafin tafiyar akwai ƙato mai kan bijimi, a hanya kuma akwai Medusa mai macizai a madadin gashi wadda marubucin ya mayar da ita mai shagon sayar da mutum-mutumi a bakin titi, akwai wata dabba mai aman wuta a saman dogon ginin nan mai kama da baka da ke St. Louis. Babi 22 ne, kuma da wuya a sami biyu a jere da ba a yi artabu ba. Percy da bakinsa yake ba da labarin, da barkwanci da shaguɓe irin na yaron da ya saba zama a bencin baya. Dodo ya taso masa, shi kuma yana yi wa kayan jikin dodon ba'a.

Wannan barkwancin shi ne ke cire wa tsoron dafi. In aka sari dodo a duniyar Percy ba jini ake gani ba, rugujewa yake yi ya zama ƙura, bayan wani lokaci ya sake haɗuwa a can ƙarƙashin ƙasa ya dawo. Takobin ma ba ya cutar da ɗan Adam, ratsa shi yake yi ya wuce. Yaro zai karanta da daddare ya kashe fitila ya yi barcinsa.

Akwai kuma wani abu da ya sa iyaye da malamai da yawa ke son littafin. Riordan ya fara ƙirƙirar labarin ne yana ba ɗansa a bakin gado, yaron kuwa yana fama da larurar nan da ke sa haruffa su riƙa cakuɗewa a ido, ga kuma rashin iya tara hankali wuri ɗaya. Sai ya ɗora wa Percy waɗannan larurori biyu, ya kuma juya su suka zama alamar baiwa: ƙwaƙwalwarsa tsohon rubutun Girka aka gina ta ta karanta, rashin natsuwarsa kuma shi ke tsare ransa a fagen fama. Yaron da aka daɗe ana ce masa daƙiƙi a aji, in ya ci karo da jarumin da aka kora daga makaranta shida a shekara shida, akwai abin da yake ji a ransa. Na ga wannan da idona, ba sau ɗaya ba.

Tom Ward kuwa, jarumin Delaney, ba gudu yake ba. Sana'a aka kai shi koyo. Ɗan manomi ne, na bakwai a 'ya'ya maza, kuma mahaifinsa ma na bakwai ne a gidansu. Gonar ta babban wa ce, sauran an samar musu abin yi, shi auta babu abin da ya rage masa sai aikin da kowa ke gudu. Uban ya biya kuɗin koyo, aka damƙa shi hannun John Gregory, dattijon da ke yawo ƙauye-ƙauye yana maganin mayu da fatalwa da wani irin mugun aljanin gida da mutanen yankin ke kira boggart. Shekara biyar zai yi. Shi ne yaro na talatin da dattijon ya ɗauka, kuma an gaya masa tun da wuri cewa cikin waɗanda suka riga shi wasu sun gudu, wasu sun mutu a bakin aiki.

Nan ne littafin ya kama ni, don duk wanda ya taɓa zaman yaron shago, ko ya ga yadda ake kai yaro garejin kanikanci ko gaban maƙeri, zai gane wannan zama. Tom ne mai ɗaukar jakar maigida. Shi ake aika ƙauye sayo cefane. Yana da littafin rubutu da dole ya cika da darasi, yana haddar Latin, yana haƙa rami da awo, ya shafe bangonsa da gishiri da garin ƙarfe, in bai yi daidai ba a sa shi ya sake. Kayan aikin ba su wuce sanda da sarƙar azurfa da gishiri da ƙarfe ba. Babu wani tsafi da maigidan yake yi; ilimi ne da aka tara a rubuce, da ƙarfin zuciya, da bin ƙa'ida. Kuma ladan aikin shi ne kaɗaici: mutanen da ka cece su jiya, yau in sun hango ka sai su tsallaka ɗaya gefen hanya.

Tsoron da ke cikinsa kuwa na gaske ne. Jarrabawar farko, an bar Tom shi kaɗai da kyandir a wani kangon gida a garin masu haƙar gawayi, aka ce da tsakar dare ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya fuskanci abin da ke can. Babu barkwanci ko ɗaya a wannan babin. Yana jin ana haƙa a ƙasa, sai haƙar ta tsaya, sai takun manyan takalma suna hawowa mataki-mataki. Ni da furfurata sai da na ɗaga kai na dubi ƙofa. Gaba kuma akwai tsohuwar mayya da aka binne da ranta a rami cikin lambun maigidan, da wainar da aka kwaɓa da jini, da yaron da aka sace. Ba banza ba mawallafan Ingila suka buga gargaɗi a bangon baya cewa kada a karanta shi bayan duhu ya yi. Talla ce, amma tallar da ba ta yi ƙarya ba.

Ƙasar da labarin ke faruwa ma ba daga sama ta faɗo ba. Lancashire ce, yankin da Delaney ya fito, ya ɗan sauya sunayen garuruwa: Preston ta zama Priestown, Lancaster ta zama Caster, ƙauyen Chipping ya zama Chipenden. Tsaunin Pendle da ya shigo a littafi na huɗu, wurin ne aka kama mutanen da aka yi wa shahararriyar shari'ar maita a 1612, aka rataye goma. Shi ya sa ruwan sama da taɓo da sanyin wurin suke da nauyi a shafi. Amurkar Percy ta allon talabijin ce, ana wucewa a guje. Ƙauyukan Tom kuwa har warin hayaƙinsu za ka ji.

To batun Turanci, wanda shi ne ya kamata uwa ta fara dubawa kafin komai. Mutane na zaton Percy ya fi sauƙi tunda ya fi ban dariya. A ganina ba haka ba ne ga yaranmu. Rabin dariyar tana rataye ne a kan rayuwar Amurka: sunayen abinci, wasannin makaranta, salon maganar samari, garuruwan da ake yi wa ba'a. Yaron da ya tashi a Zariya ko Maraɗi zai bi labarin, amma zolaya da yawa za ta wuce ta saman kansa. Ga kuma tarin sunayen Girka da ke zubowa, kowanne da danginsa da tsohuwar gabarsa. Turancin Delaney kuwa a miƙe yake, gajerun jimloli, mutane kaɗan, kalmomin gona da hanya da kicin. Ɗan aji ɗaya a ƙaramar sakandare da ke iya karanta littafin adabin ajinsu ba tare da ƙamus a hannu ba zai iya da shi. Wato wanda ya fi sauƙin harshe shi ya fi nauyin zuciya, wanda ya fi sauƙin zuciya kuma ya fi buƙatar sanin duniyar waje. Wannan saɓanin ne ke rikita masu saye.

Sai abin da ƙanwata ta fi damuwa da shi, ko da yake sai a ƙarshen wayar ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa: "Yaya, an ce akwai alloli a ciki." Akwai, kuma ba a gefe suke ba, su ne ginshiƙin labarin. Zeus da Poseidon da Hades suna raye, fadarsu tana hawa na 600 a saman Empire State Building, wani dogon bene a New York, yaran sansanin da ake horar da irin su Percy suna ɗibar abincinsu su jefa a wuta da sunan iyayensu alloli. Bugu da ƙari, duk jaruman 'ya'yan da allolin suka haifa ne da mutane ba tare da aure ba, kuma yaro mai wayo zai tambaya. Abin da zan ce shi ne marubucin bai nuna su a matsayin abin girmamawa ba. Masu son kai ne, masu ƙananan rigingimu, iyayen da suka watsar da 'ya'yansu, kuma fushin 'ya'yan a kan wannan watsarwa shi ne zaren da ya ɗinke littattafan biyar. Akwai gidan da za a zauna a gaya wa yaro cewa waɗannan gumakan wasu mutane ne da suka shuɗe, yau sun zama tatsuniya kamar Gizo da Ƙoƙi, a wuce wurin. Akwai kuma gidan da ba za a so kalmar ta saba da bakin yaro ba ko da wasa. Kowanne ya san gidansa, ba ni zan yanke masa ba. Abin da ba na so shi ne a miƙa littafin a juya baya.

Amma wanda ya guji Percy saboda alloli ya rungumi Tom da zaton ya tsira, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. A can maita ce tsagwaronta: masu aiki da jini, masu aiki da ƙasusuwan matattu. Gaskiya ne littafin yana kiran mugunta da sunanta, kuma maigidan Tom ya haramta masa taɓa sihiri ko da don kare kai. Sai dai akwai Alice, yarinyar da ta tashi a dangin mayu, wadda ita ce abokiyar Tom ɗaya tilo, kuma sau da yawa da abin da aka hana take ceton ransa. Tambayar ko ya halatta a yaƙi duhu da kayan duhu tana bin jerin har ƙarshe, kuma amsar ba kullum take fitowa fes ba. Ga ɗan shekara 13 wannan abin tattaunawa ne mai daɗi. Ga ɗan shekara 9 kaya ne da ya fi ƙarfin wuyansa. Daga littafi na huɗu Shaiɗan da kansa ya shigo labarin, duhun kuma sai ƙaruwa yake.

Dukkan jerin biyu suna girma tare da mai karatu, wannan kuma a riƙe shi da kyau. Percy ya fara yana 12 ya gama littafi na biyar, na 2009, yana 16. Waɗannan biyar ɗin labari ne cikakke, ana iya tsayawa a nan. Jerin da Riordan ya ci gaba da su daga 2010 na manyan yara ne, soyayya ta yi yawa a ciki, har da ta jinsi ɗaya a wasu, don haka uban da ya amince da biyar na farko kada ya ɗauka ya amince da duk abin da ke ɗauke da sunan marubucin. Na Delaney littafi 13 ne. Ga aljihu wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, musamman da yake samun su a jere wurin masu sayar da tsofaffin littattafai sai an yi sa'a: ka sami na ɗaya da na shida, na biyu ya gagara. Percy ya fi yawa a kasuwa nesa ba kusa ba. A kula kuma, bugun Amurka na littafin Tom sunansa daban, The Last Apprentice: Revenge of the Witch. Littafi ɗaya ne. Na san wanda ya sayi biyun yana murna ya samo na ɗaya da na biyu.

Fim kuwa kada ya zama ma'auni. An yi wa Percy fina-finai biyu a 2010 da 2013 waɗanda suka ƙara wa yaran shekaru suka kuma sauya labarin, sai Disney+ ta sake shi a matsayin shiri mai dogon zango a ƙarshen 2023, wanda ya fi bin littafin. Na Tom, mai suna Seventh Son, ya mayar da yaro ɗan 13 ƙaton saurayi. Wanda ya kalle shi bai san komai game da littafin ba.

Idan yaron bai kai ga ɗayansu ba fa? Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, kuma babu abin da ke kashe sha'awar karatu kamar a danƙa wa yaro shafi ɗari uku da 'yan kai alhali bai taɓa gama hamsin ba. Ga irin wannan akwai Beast Quest, da aka fara a Ingila a 2007: ƙananan littattafai masu manyan haruffa da zane, kowanne dodo ɗaya, yaro da yarinya da doki da kyarkeci su je su kuɓutar da shi daga sihirin mugun boka. Sunan Adam Blade da ke bango ba mutum ɗaya ba ne, marubuta da yawa ne ke aiki a ƙarƙashinsa, kuma littattafan sun haura ɗari. Kusan duk tafiyarsu ɗaya, babba zai gaji a na uku. Amma ɗan shekara 7 ko 8 da ya rufe littafi ya ce "na gama" a karon farko a rayuwarsa, bai damu da wannan ba. Tsani ne, a hau a wuce.

In kuma 'ya mace ce, ko yaron da ya riga ya cinye duka biyun, ina kai su ga Lockwood & Co. na Jonathan Stroud, littafi biyar daga 2013 zuwa 2017. Fatalwa sun addabi Ingila shekara hamsin, yara ne kaɗai ke iya ganinsu, sai aka kafa kamfanoni ana tura yaran aiki da dare da takobi da sarƙar ƙarfe da gishiri, manya suna karɓar kuɗi. Yarinya ce, Lucy, ke ba da labarin. Ya haɗa tsoron Delaney da dariyar Riordan, kuma a rubutu ya fi su duka, sai dai Turancinsa ya fi tauri. Ba wai Percy da Tom ba su da mata ba: Annabeth, abokiyar tafiyar Percy, ta fi shi kai, Alice ta fi Tom sanin duniya. Amma a duka biyun namiji ne ke riƙe da bakin labarin, maigidan Tom kuma dattijo ne da bai yarda da mata ba, yana faɗa yana maimaitawa, ko da yake labarin kansa yana ƙaryata shi.

Wani abu da na tuna wa ƙanwata shi ne yaron nan ba baƙon dodo ba ne. Ya san Dodon tatsuniya da ke haɗiye mutane a bakin rafi, ya san macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajidda ya sare kansa. Gandoki na Bello Kagara, tun 1934, ya yi yaƙi da aljanu, ga kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. In burin shi ne yaro ya kamu da son karatu kawai, waɗannan sun fi arha, sun fi kusa, kuma kakarsa ma za ta iya sauraro in yana karantawa a tsakar gida. Malamin nasu dai Turanci yake so ya ƙarfafa, shi ya sa muka tsaya kan waɗancan.

Na tambaye ta abu biyu. Yana iya fita tsakar gida shi kaɗai da dare in an ɗauke wuta? Ta yi dariya ta ce sai ya tashi ƙanwarsa ta raka shi. Za ki sami lokaci ki zauna da shi a kan maganar allolin, ko Abbansa ya zauna? Ta ce Abbansa zai yi, dama yana son irin wannan hira. Sai na ce ta sayi Percy, na farko kaɗai, kada ta sayi biyar ɗin a kwali sai an ga kamun ludayinsa. Da amsarta ta farko ta zama akasin haka, kuma da ya kai 12 ko 13, Tom zan ce ba tare da jinkiri ba, don shi ne littafin da ya fi zama a rai bayan an rufe shi, kuma shi ne yake nuna jarumta a matsayin abin da ake koya da gumi maimakon abin da ake gada a jini.

Kwana tara da fara hutu sai ga kira daga lambarta, amma muryar yaron ce. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. "Kawu, wai da gaske akwai na biyu? Umma ta ce sai na tambaye ka." Na ce akwai, amma sai ya fara gaya min yadda aka yi da Medusa, da Hausa, daga farko har ƙarshe. Ya yi minti ashirin yana zuba, har katin uwar ya ƙare.